An saya da sikeli, an sayar da labari: 'yan kunnen azurfar Yao da Hmong

Akwai wata sana'a da ke bani mamaki, wani lokacin kuma ta bani haushi, wato sana'ar dillalan tsoffin kayan adon ƙabilu a intanet. Shiga irin su eBay ko Etsy ka nemi azurfar Yao ko ta Hmong, zaka ga 'yan kunne an shimfiɗa su akan baƙin ƙyalle an haska musu fitila sunyi kyau abunsu, a ƙasa an rubuta nauyinsu giram kaza, faɗinsu kaza, wai na ƙarshen ƙarni na 19 ne ko farkon na 20, daga duwatsun arewacin Tailan ko Laos, sai kuma farashi da dala. Komai an faɗa maka banda abu biyu, wa ya ƙera su, kuma daga kunnen wa aka ciro su. Wannan shirun shine damuwata. Kuma tun yanzu bari in faɗa, ni bana cikin masu cewa duk wanda ya sayi irin kayan nan ɓarawo ne, maganar tafi haka murɗewa.

Ga wanda bai san mutanen ba, Yao da Hmong mazauna kan duwatsu ne, asalinsu kudancin Chaina, wajajen Guizhou da Guangxi da Hunan da Yunnan. A Chaina gwamnati ta cusa Hmong cikin babban rukunin da take kira Miao, su kuma Yao a Biyetnam Dao ake ce musu, reshensu da yafi yawa a Laos da Tailan kuwa Mien suke kiran kansu. A ƙarni na 18 da na 19 yaƙe-yaƙe da haraji da ƙarancin ƙasar noma suka riƙa tura wasunsu kudu, suka bazu a tsaunukan Biyetnam da Laos da Tailan da Bama. Nomansu na sara da ƙonawa ne, a share daji a shuka shinkafar tudu da masara, in ƙasa ta gaji a tattara a ƙara gaba. Toh mutumin da ya san watarana zai tashi ai bazai zuba dukiyarsa a gini ba, kuma babu banki a saman dutse, sai ya zuba ta a abunda wuya da hannu da kunne zasu iya ɗauka.

Ka ƙura wa ɗaya daga cikin 'yan kunnen nan ido, musamman samfurin nan mai kama da kibiyar da aka lanƙwasa, wanda matan Mien da na Hmong duka suke sawa. Azurfa ce guda ɗaya aka buge ta, gefe ɗaya aka faɗaɗa ya zama kan kibiya, sauran aka ja shi ya zama waya mai kauri, sannan aka tanƙwara wayar ta zagayo ta yi da'ira. Akan faffaɗan wurin maƙeri ya zauna da 'yar kurfi da ƙaramar guduma ya bi yana ɗiga zane, layi-layi da ɗigo-ɗigo, ƙanana har sai ka matso da shi kusa da ido, kuma in ka jera guda biyun zaka ga basu zama daidai cif ba, ɗaya ya ɗan fi ɗan uwansa buɗewa, don hannu ne yayi ba inji ba. In tsoho ne na gaske, daidai inda yake zama a hujin kunne zaka tarar ya siɗe yayi sumul har ya ɗan rame, shekaru ne na gogar fata da gumi. Akwai wani samfurin dogo mai lanƙwasa biyu da ƙugiya, akwai masu 'yan tarkace suna reto, a garin Shidong na Guizhou kuma mata na sa wasu masu nauyi kamar kwarkwaron zare da ake cusawa cikin hujin kunnen kansa bayan an faɗaɗa shi a hankali. Aiki ne wallahi, aikin mutumin da ya san hannunsa.

Azurfar kanta fa ba daga duwatsunsu ake haƙo ta ba, kuɗi ne ake narkawa. Faransa ta fara buga sulenta na azurfa na Indochina, wato yankin su Biyetnam da ta yi wa mulkin mallaka, a 1885, wanda ake kira piastre, nauyinsa wajen giram 27, kashi 90 cikin ɗari azurfa, da hoton wata mata a zaune da rawanin haske a kanta. A ɓangaren Bama da arewacin Tailan kuma rupee ɗin Indiya na zamanin Ingila ne yake yawo. Mutanen dutse basu yarda da kuɗin takarda ba, kuma suna da gaskiya, gwamnatoci nawa suka zo suka wuce takardunsu suka zama shara, amma sulen azurfa yana nan. Me suke sayarwa su sami sulallan? Galibi ofiyom, abun maye ɗin nan da ake tatsa daga kan wani fure, wanda gwamnatin mulkin mallakar Faransa da kanta ta riƙe cinikinsa tana cin riba. A Guizhou kuma cinikin katako ta kogin Qingshui ne ya riƙa shigo musu da azurfa. Sule ya shigo gida, wani a ɗinka shi a jikin riga ko jaka, wani a kai wa maƙerin ƙauye ya narka yayi ƙawanyar wuya da munduwa da 'yan kunne, wani a zuba shi sanda-sanda a ajiye don sadaki, don a wajensu da sandunan azurfa ake biyan kuɗin aure. Jaririn Hmong ma a rana ta uku da ake raɗa masa suna akan sa masa 'yar ƙawanya a wuya, a imaninsu ita ke riƙe kurwarsa a jiki. Kenan abu ɗaya ne yake aiki uku, ado ne, tsari ne, kuma asusu ne. Duk macen da ta taɓa cire gwal ɗin lefenta ta kai kasuwa don kuɗin asibiti ko na makarantar yara ta san wannan lissafin ba sai an zaunar da ita ba.

Sai ranar fasa asusun ta zo. Lokacin yaƙin Biyetnam, hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta ɗauki dubban 'yan Hmong da wasu Mien a Laos suka yi mata yaƙi a ɓoye ƙarƙashin Janar Vang Pao, sansaninsu a Long Tieng, kuma tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba wa ƙasar bama-bamai sama da tan miliyan 2. A watan Mayun 1975 aka kwashe Vang Pao da manyansa a jirgi zuwa Tailan, talakawa aka barsu a ƙasa, kafin ƙarshen shekarar 'yan kwaminis na Pathet Lao sun karɓe mulki gaba ɗaya. Mutane suka bi daji da ƙafa da goyo da tsofaffi har bakin kogin Mekong da ya raba Laos da Tailan, kuma mai kwale-kwale baya karɓar godiya, azurfa yake karɓa. Wanda ya tsallake ya faɗa sansanin gudun hijira irin su Ban Vinai a lardin Loei na Tailan, wanda a wani lokaci mutanen cikinsa sun haura dubu 40, kuma ba a rufe shi ba sai 1992. Shekaru kenan mutum yana zaune a bayan waya, babu gona babu aiki, abunda ya rage a wuya da kunne shine shinkafa, shine magani, shine cin hancin mai gadi. A sansanonin nan har da sanholo aka koma ana ƙera ƙawanyar wuya don dai yarinya kar ta fita bikin sabuwar shekara wuyanta fayau. A Tailan kuma dama an haramta ofiyom tun ƙarshen shekarun 1950, daga baya a 1969 Sarki Bhumibol ya fara shirinsa na sauya musu amfanin gona, hanyar shigowar sule ta toshe, 'yan yawon buɗe ido kuma suka fara cika Chiang Mai. Kaga kaya sun sami dalilin fita, kuma sun sami ƙofar fita.

Nan ne nake rabuwa da masu zafin kai da ke cewa duk a kwaso a mayar, wai daidai yake da kayan Benin. Ba daidai bane. Na Benin sojojin Ingila ne suka shiga da bindiga a 1897 suka ƙona gari suka kwashe kayan fada, babu ciniki babu sallamawa. Ɗan kunnen matar Mien kuwa nata ne, ita ta cire ta miƙa, kuma tun ranar da aka ƙera shi an san cewa in rana ta ɓaci za a sayar, aikinsa kenan. Wanda yace bata da ikon sayarwa saboda wai kayan tarihin al'ummarta ne, ya ƙwace mata asusunta ne da sunan yana kare ta, shi yana zaune a ofis mai sanyi ita kuma ɗanta na kwance da zazzaɓi. Ko yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ake yawan jawowa, maganarta akan kayan da aka sata ko aka fitar ta ɓarauniyar hanya ce, ba akan mace ta sayar da kayan kunnenta ba. Sannan a mayar wa wa? Gwamnatin Laos ɗin da iyayen masu kayan suka guje mata? Haba.

Amma fa "ita ta sayar da kanta" bai wanke dillali tas ba, kuma anan ne nafi son a tsaya. Yadda cinikin tsohuwar azurfa yake tafiya a ko'ina, mai saye sikeli yake fitowa da shi. Ya ɗora, ya karanta giram, ya buga da farashin azurfa na ranar, ya rage wani abu wai don dauɗa da gauraye, ya ƙirga kuɗi. Zanen kurfin nan da maƙeri ya ɓata kwanaki yanayi ba a biya ko sisi akai ba, shekarun da abun yayi ba a biya ba, sunan ƙabilar ba a biya ba. Ɗan kunne kuwa abu ne marar nauyi, in an auna guda biyu da ƙyar su kai sule ɗaya ko biyu, kaga kuɗin da zata karɓa bai taka kara ya karya ba. Sai kayan ya bi hannu uku huɗu, daga mai zagaya ƙauyuka zuwa shago a Chiang Mai ko Luang Prabang ta Laos ko Sa Pa ta Biyetnam, daga nan zuwa wani gidan gwanjo a Turai ko Amurka, a can kuma babu mai tambayar farashin giram, abunda ake sayarwa shine aikin hannun da tsufan da kalmar Yao ɗin, daidai abubuwan nan uku da aka ce wa matar basu da daraja. An saya a matsayin ƙarfe, an sayar a matsayin tarihi, ratar da ke tsakani kuma ta tafi aljihun wanda ya iya Turanci kuma yake da kyamara mai kyau. Ciniki ne halattacce a takarda, eh, amma mai yunwa da mai ƙoshi in sun zauna ciniki kowa ya san wanda ke yanka farashi.

Dillalan suna da amsa, kuma amsar tasu ba shirme bace, dole a basu wannan. Suna cewa da bamu saya ba da tuni an narke. Gaskiya ne. Abokin gabar tsohuwar azurfa na farko tukunyar narki ce ba mai tara kayan tarihi ba. A watan Janairun 1980 farashin azurfa ya tashi har kusan dala 50 kowace oza, sanadin wasu attajiran Texas 'yan gidan Hunt da suka so mamaye kasuwar, kuma a lokacin tsoffin kayan azurfa da yawa a duniya sun tafi wuta, ka tuna kuma lokacin ne sansanonin Tailan suke cike maƙil. Bayan haka su kansu masu kayan narkawa suke yi, uwa ta kai nata wajen maƙeri a narka a ƙara sule biyu ayi wa 'yarta sabon yayi, babu wanda yake ganin anyi asara. Don haka da yawa daga cikin tsoffin samfuran da suka rage yau, sun rage ne don wani baƙo yaga sun fi ƙarfin narki. Na yarda. Amma in har ka san ya fi ƙarfin narki, to ka san ya fi ƙarfin farashin narki, me yasa ka biya na narkin? Ba za ka ci riba biyu ba, ka biya kuɗin gwangwan sannan ka zo kana neman a yi maka godiyar mai ceto.

Wani abun dariya ma shine maganar baƙin da azurfa ke yi in ta tsufa. Masu tarawa suna mutuwar son wannan duhun, zasu ce maka kar ka kuskura ka goge, darajarsa kenan. Ita kuwa mai kayan, ana gobe bikin sabuwar shekara zama take ta dirje azurfarta sai tayi fari ƙal, don ranar ce 'yan mata ke jeruwa suna jefa ƙwallon ƙyalle da samari, kowa na kallon wuyan kowa, azurfa mai duhu a ranar nan abun kunya ne, alamar gidan da babu mai kula. Wato abunda mai shi ke kira dauɗa shi baƙo ke biya da tsada. Tunda kasuwa duhu take so, sai aka fara yi mata duhu, sabon ƙira a tsoma shi a sinadarin farar wuta ya fito kamar ya shekara ɗari. Maƙeran ƙauye kuma basa buga hatimi ko shekara a jikin kaya, don haka "ƙarni na 19" ɗin nan da ake rubutawa sau da yawa bakin dillali ne kawai shaidarsa.

Daga nan sai jabu tsagwaronsa. Kasuwannin intanet cike suke da abunda ake kira azurfar Miao, mai arha kamar banza, wanda mafi yawansa jan ƙarfe ne aka gauraya da nikel da tutiya yayi fari, wani ko ƙwayar azurfa babu a ciki, ga shi nikel na sa wa mata da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sarin kayan ado sun san irinsa sarai. Wannan a ganina yafi cinikin tsoffin cutar da mutanen, don sunan ƙabila guda aka mayar ya zama laƙabin jabu, alhali maƙeransu na nan da ransu. A 2006 Chaina ta saka ƙirar azurfar Miao cikin jerin farko na al'adun gado da take karewa, daga gundumar Leishan a Guizhou da Fenghuang a Hunan, kuma a Leishan ɗin akwai ƙauyen Kongbai da aka sani da maƙeran azurfa kaka da kakanni. Mutumin da ya gaji wannan aiki yanzu an matse shi ta gefe biyu, mai kuɗi yace shi tsoho yake so, marar kuɗi ya sayi na inji, shi mai sabon aiki na gaske da azurfa ta gaske ya rasa wanda zai tsaya a gabansa. In yaransa suka watsar da guduma suka tafi masana'anta a birni wa zai ga laifinsu.

Shi yasa ni abunda nake nema ba haramci bane, haramci ƙarƙashin tebur kawai zai mayar da cinikin, farashin da matar ke samu ya ƙara faɗuwa. Abunda nake nema a daina shirun nan. Dillalin da ke zagaya ƙauye ya rubuta sunan ƙauyen da shekarar da ya saya da reshen ƙabilar, Mien ne ko Hmong fari ko Hmong kore ko Dao masu jan ɗankwali, in mai kayan ta yarda a rubuta abunda ta sani game da maƙerin da lokacin da aka yi mata shi, takardar ta riƙa bin kayan duk inda yaje. Ba wani abu mai wuya bane, waya ce a hannun kowa yanzu. Kuma da zarar labarin ya zama abunda ake rubutawa ana sayarwa, mai labarin ta samu abun riƙewa a ciniki, zata iya cewa a'a wannan ba na sikeli bane. Wuraren ajiya na yankin irin su gidan tarihin ƙabilu na Hanoi da aka buɗe a 1997 da cibiyar sana'o'in gargajiya da al'adun ƙabilu ta TAEC da ke Luang Prabang suna nuna ana iya ajiye kaya tare da bayaninsa, ba sai an raba su ba.

Sannan akwai masu sayen da nafi tausayawa kuma nafi goyon baya, jikokin waɗanda suka tsallake Mekong ɗin. Hmong a Amurka yau sun haura dubu 300, a Minnesota da Wisconsin da Kalifoniya, Mien kuma suna da yawa a Sacramento da Oakland da Portland, bikin sabuwar shekarar Hmong na Fresno taro ne na dubban mutane. Yarinyar da aka haifa a birnin St. Paul na Minnesota, tana aikin jinya ko koyarwa, in tana son irin ɗan kunnen da kakarta ta sa ranar aurenta, dole ta shiga layi ɗaya da attajirin da ke tara kaya a akwatin gilashi, ta biya farashin da aka yanka don aljihunsa, kuma ko ta biya babu mai iya gaya mata ko daga yankin su kakar tata ya fito, don wanda ya saya a 1979 giram kawai ya rubuta. Gidajen tarihi da manyan masu tarawa da ke da ɗaruruwa a ajiye basa ko nunawa, me zai hana su buɗe wa irin waɗannan ƙofa, su basu dama su gani su taɓa su ɗauki hoto, maƙeransu su kwafi samfurin, in za a sayar kuma a fara tallata musu kafin a kai gwanjo.

Kai kuma mai sha'awar saye, in dillali ya ce maka na Yao ne na shekara ɗari, tambaye shi wane ƙauye, wace shekara aka saya, a hannun wa. In ya fara kame-kame yana ce maka ai daga wani tsohon tari ya fito, to ka ce ya kawo sikeli a gwada azurfar a auna, ka taya a farashin giram na ranar, kaga yadda fuskarsa zata canza.